Dutsen da Na Ɗauke a Bukoki

Tun ranar da muka dawo daga Yamai bakina bai huta ba. In fito daga sujada a tare ni, in shiga kasuwa a tare ni, har a ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa sai wani ya ajiye alli ya ce, "Malama Hanatu, yaya Nijar?" Ni kuma in ce lafiya lau, akwai zafi, in wuce. Abin da ya hana ni sakat shi ne hotuna biyun nan da aka manna a allon sanarwa na majami'armu. Na farko lungu ne cike da shara. Na biyu lungun ne dai, an share shi tas, ga ni a tsakiya riƙe da tsintsiya ina washe baki kamar wadda ta ci zaɓe. Duk wanda ya gani sai ya ce Ubangiji ya sa mini albarka. To yau zan faɗi yadda abin yake daga farko, wanda ya ga zai janye albarkarsa bayan ya karanta, ba zan ga laifinsa ba.

Mu goma sha biyu muka tashi daga Malumfashi a hutun Ista, matasan ikkilisiya, kowa da riga ruwan ɗorawa iri ɗaya. Ni ce shugaba, kuma waɗanda suka san ni sun san ba don haƙuri aka zaɓe ni ba. Na rubuta jadawalin kwana bakwai, awa bi awa, na buga na raba wa kowa. Wani fasto ɗan Maraɗi mai ƙaramar ikkilisiya a unguwar Bukoki, Fasto Ayuba, shi ya gayyace mu mu taya su yashe magudanar ruwa kafin damina. Muka loda shebur da manjagara, da dilar kayan sawa biyu da matan zumunta suka tara mana, da ganga ɗaya don waƙa.

A kan iyaka, bayan mun wuce Jibiya, aka sauke mu kaf. Dauda, wanda muka ɗora wa ɗaukar hoto, ya yi ta lalube aljihu yana neman katin allurarsa, ashe yana cikin hularsa, shi ya ɓoye shi da kansa don kada ya ɓata. Wani jandarma dogo, siriri, ya zagaya kayanmu a hankali, ya ƙwanƙwasa gangar da yatsa, sannan ya dube ni.

"Madam, ina zuwa da pel da rato haka? Gona za ku?"

Shebur da manjagara yake nufi. Na gyara tsayuwa na ce, "Ranka ya daɗe, Yamai za mu. Za mu taimaki talakawan birni, mu tsabtace musu unguwa."

Ya jinjina kai kamar ya ji babban labari. "Madalla. Ashe na Katsina duk sun ƙare."

'Yan ƙungiya suka fashe da dariya. Ni ban yi ba. Na karɓi takardunmu na shiga mota ina cewa a raina mutumin nan ba shi da tarbiyya.

Mun kwana a Maraɗi, a ajin makarantar wata ikkilisiya. Da safe aka kawo mana burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri a waje, Dauda ya saɓa nasa a kafaɗa yana korar mu. A gida mun saba mota ba ta tashi sai ta cika, don haka muka yi ta shan shayi a tsanake. Ashe manyan motocinsu agogo suke bi. Da gudu muka isa tasha, direba ya riga ya kunna inji, ni mai jadawali ni ce ta ƙarshen shiga, takalmi ɗaya a hannu. Hanya doguwa ce, yini cur. A Galmi warin albasa ya cika motar, a Ƙonni aka tsaya salla, muka rage mu kaɗai a kujeru da rigunanmu masu kashe ido. Wata dattijuwa da ta dawo ta miƙo mana kilishi ta ce baƙo ba ya kallon bakin mutane. Muka ci muka yi godiya, ban ko tambayi sunanta ba.

Ranar Litinin da yamma muka shiga Yamai. Fasto Ayuba ya tarye mu, mutum gajere mai magana ƙasa-ƙasa, irin waɗanda sai ka matsa kusa kafin ka ji. Ya sauke mata a ɗakin ajiyar kujeru, maza a barandar majami'a. Bukoki a cushe take: gida jikin gida, lungu ya haifi lungu, ga masu tura kura, ga babura, ga maƙera suna narka gwangwani su zuba tukwane. Da na miƙa masa jadawalina, ya karanta har ƙarshe, ya ninke, ya sa a aljihu.

"Malama, gobe ba aiki. Gobe gaisuwa."

"Yini guda, Baba Fasto? Kwana bakwai fa muke da su."

"Shekara goma sha ɗaya nake nan," ya ce, "kuma har yau gaisuwar nake yi."

Haka muka kashe Talata. Muka je wurin mai unguwa, aka dafa shayi har zubi uku, ana tambayar gajiya, da gida, da zafi, da iyayenmu da ba a taɓa gani ba. A gida gaisuwa tana da iyaka, a can sai ka ɗauka ita ce sana'ar. Mai unguwa ya nuna mana magudanar bakin titi, kanibo suke ce mata, daga famfo zuwa shagon tela. Ya ce nan ne aka yarda mu yi. Ni dai ina ta satar kallon agogo.

A ranar muka san Inna Hauwa. Ɗakinta na jikin bangon majami'a, a gidan haya mai ɗakuna da yawa. 'Yar wajen Tawa ce, mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki biyu. Sana'arta zoɓo da lemun citta mai tsami da yaji, wanda suke kira lemu hari, tana ɗurawa a tsofaffin robobin ruwa, buteli a bakinsu, ta sa a firjin maƙwabciya su yi sanyi. Da la'asar ta shigo da guda goma sha biyu a faranti, suna raɓa. Na ciro jakar kuɗi, ta daka mini harara.

"Ke ɗiyata, a garinku baƙo shina biyan ruwa? Maida abinki."

Ta zauna ta ba mu labari, fuskarta kamar an yi mata bushara. Ranar Asabar akwai babban biki a gidan wata Hajiya ta bayan kasuwa, kuma a karon farko ita aka ba aikin abin sha gaba ɗaya. Hajiyar nan, in ta yaba da hannunka, duk bukukuwan danginta naka ne, da suna, da walimar alhazai. Tun sanyi Inna take tara buteli da murafunsu don wannan rana. Na ce, "Kai, Allah ya sa albarka, Inna," ina lissafin shebur nawa za a ba kowane rukuni. Ban tambaye ta inda take ajiye su ba.

Laraba muka shiga kanibo, kuma gaskiya mun yi aiki. Baƙin taɓo har gwiwa, wari kamar ya tsinka hanci. Samarin unguwa da suka fara da kallo suka karɓi shebur, tela ya fito da rediyonsa, aka yi ta ba'a tsakanin Katsinawa da Gobirawa. Sai dai hotunan ba su yi mini ba. Magudana ko an yashe ta, rami ce baƙa. Ni kuwa na yi wa ikkilisiya alkawarin hoton da za a gani a ce lalle an je.

Ranar Alhamis Fasto ya tafi asibiti duba wani, Inna kuma ta tafi kasuwar Wadata sayen citta da sukari. Wajen hantsi na leƙa lungun da ke bayan majami'a. Ledoji, tsumma, fasassun kwanoni, kuma a jikin bango ga wasu manyan ƙunshi biyu: tsohon gidan sauro ne aka cika da robobi aka ɗaure bakinsa, ƙura ta rufe su. A kan kowanne an ɗora dutse. Na ce wannan shi ne hoton. Na kira mutum biyar, na sa Dauda ya ɗauki na farko.

"Shugaba," ya ce, "nan ba ya cikin inda mai unguwa ya nuna. Kuma wannan kamar da gangan aka ɗaure shi."

"Dauda, hoto aka ce ka ɗauka ko shari'a?"

Ya ɗauki hoton. Wata mata ta leƙo daga ƙofa, goye da yaro, ta ce a hankali, "Madam, wanga da mai shi."

Wallahi har yanzu ina jin muryata. Na yi mata murmushin malaman makaranta na ce, "Shara ba ta da mai ita, Mama. Ita ke kawo muku sauro." Ta dube ni, ta dubi rigata, ta koma ciki. Mu baƙin Fasto ne, mai unguwa ya ba mu shayi, wa zai yi jayayya da mu? Na sa hannu biyu na ɗauke dutsen farko, na jefar gefe. Muka ja ƙunshin zuwa fili, muka tara da sauran sharar, muka yi yadda muke yi a gida ranar tsabtar ƙarshen wata: kananzir da ashana. Hayaƙi baƙi ya tashi, muka ja da baya muna waƙar yabo. Aka share lungu, aka yayyafa ruwa, na tsaya a tsakiya da tsintsiya. Hoton da kuke sa wa albarka ke nan.

Da la'asar muna zaune a inuwa, gajiya ta yi daɗi, sai ga Inna Hauwa. Ba faranti. Bokiti ta ɗauko, da moɗa ɗaya. Ta ajiye a gabanmu.

"Yau sai ku yi hanƙuri, ɗiyana. Da moɗa za ku sha, ku riƙa miƙa ma juna."

Na ce, "Inna, ina robobin?"

Ta ɗebo ta miƙo mini, ni ta fara ba. Fasto Ayuba, wanda shigowarsa ke nan, shi ya tsaya a bayana ya ce ƙasa-ƙasa, "Malama, ɗakinta bai ɗaukar su. Shi ya sa take ajiye su a lungu."

Moɗar tana hannuna. Na kasa sha, na kasa ajiyewa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma ko ta tsage ban cancanci ta rufe ni ba. Mun yi gyaran gangar Abzinawa, kuma ni ce na riƙe wuƙar. Inna ta jira kowa ya sha, ta ɗauki bokitinta, ta ce mu huta gajiya.

Fasto bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce abin da ke gabanmu shi ne lokaci: dole a ɗura abin sha ranar Juma'a da yamma don ya kwana a firji, ga wutar lantarki mai zuwa da tafiya. Muna da yini ɗaya mu mayar da abin da ta tara a wata biyar.

Da gari ya waye muka bazu da buhuna. Ni da Dauda muka nufi Wadata. Sai a ranar na san cewa robar banza tana da daraja. Lokacin bukukuwa ne, kowa na sauri kafin azumi, masu sayar da tsofaffin buteli sun kusa ƙarar da nasu, waɗanda suka rage kuwa rabinsu ba murfi. Buteli ba murfi kofi ne kawai. Muka sayi abin da muka samu, sauran muka shiga tsinta. Na bi bayan rumfunan abinci, na duƙa a ƙarƙashin tebura, na tsaya a gefen wani mutum mai babbar riga ina jira ya shanye ruwansa kamar akuya na jiran ɓawon ayaba. Da ya gama ya miƙo mini, ya haɗa da sadaka. Na ce ba bara nake ba. Ya dubi buhuna ya ce, "To mi kike yi, baiwar Allah?" Na jefa robar a buhu na wuce.

Kowace roba sai ka sunkuya. Kafin azahar bayana ya riƙe, ni da ban kai talatin ba. Wata mai tsinta ta kore mu daga bakin wata tasha, ta ce nan wurinta ne, ta nuna mana buhunta a jikin bango da dutse a kai. Dauda ya dube ni, ya kau da kai.

Muka dawo muka zube abin da muka samo a tsakar gidan su Inna. Matan gidan suka fito da baho da toka da sabulu, har da wadda ta ce mini da mai shi. Ba ta ko ɗaga ido ta dube ni ba, ta matsa mini wuri a bakin bahonta. Inna tana duba kowace roba a rana, ta shinshina, wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko magani ta ware. Da aka gama warewa, ko rabin abin da ake bukata bai kai ba.

Bayan la'asar Hajiyar ta zo da kanta, da ƙamshin turare da makullin mota a hannu. Ta dubi robobin da ke bushewa a kan tabarma, ta dube mu da rigunanmu da suka koma ruwan ƙasa. Na yi wuf na durƙusa na ce laifina ne, ni na ƙone, a ba mu zuwa safe.

"Madam, tashi," ta ce. "Ban zo shari'a ba. Baƙina na tahe daga Damagaram, ba ni ba su hanƙuri a kofi." Ta juya ga Inna. "Hauwa, kin san ina son ki. Amma wagga karon sai in kai ma wata."

"Ba komi, Hajiya," in ji Inna. "Allah shi sanya alheri."

Motar ta tafi. Inna ta ci gaba da juya robobi a kan tabarma kamar akwai sauran amfani.

Ranar Asabar muna jin kiɗan bikin daga nesa. Jadawalina ya ce rabon kayan sawa da wasan yara, na bar wa su Dauda. Na je na sami Inna a ƙofar ɗakinta tana ɓare citta, buhu guda da ta saya don aikin da ya wuce ta. Na zauna a ƙasa. Na shirya jawabi tun safe, amma da na buɗe baki kuka ne ya fito. Ta bar ni na yi har na gaji.

"To ya isa," ta ce. "Kuka ba shi ɗura lemu. Ɗauki wuƙa."

Na ɗauka. Muka yi ta ɓara. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ba robar ta dame ni ba, ɗiyata. Wata biyar ina duƙawa bakin titi, mota na watsa min ƙura. Bayana kinka ƙone." Ta jefa citta a kwano. "Abu guda nika son in tambaye ki. Ke malama ce, kin yi lakkwal, kin yi boko. A garinku ba a aza dutse?"

Da ma ta zage ni. Domin ana azawa. A ƙauyenmu uwata takan yi itace a daji, in ya fi ƙarfin kai ɗaya ta ɗaure ragowar ta bari a bakin hanya, ta ɗora dutse. Ya kwana uku ba mai taɓawa, ko ɓarawon akuya yana jin kunyar wannan dutsen. Ni da kaina na sha nemo mata dutsen ina yarinya. Na san ma'anarsa sarai. Abin da ya faru shi ne na zo da shebur daga wata ƙasa, na riga na yanke cewa mutanen nan ba su da komai, don haka duk abin da na gani nasu shara ne.

"Ana azawa, Inna," na ce.

"To," ta ce. Ta ci gaba da ɓare cittarta.

Mun haɗa abin da ya rage na guzurinmu muka kai mata. Ta ƙi karɓa sai da mai unguwa ya sa baki. Kuɗin sun rufe na citta da sukari, amma ba sa sayo Hajiya, kuma ita ce ƙofar da Inna ta daɗe tana jira a buɗe mata. Fasto ya gaya mini a waya makon jiya cewa sunan da aka yi a gidan Hajiyar ma waccan matar da ta karɓe aikin bikin aka ba. Ranar Lahadi an ce in yi wa ikkilisiyar Bukoki jawabin ban kwana, na ce makogwarona na ciwo, Dauda ya yi.

Litinin da sassafe muka fito da kaya bakin lungu muna jiran tasi. Na koma ciki neman takalmina, wanda kullum shi ke ba ni kunya. Da na fito na tarar 'yan ƙungiya sun yi cirko-cirko, wasu na danne dariya. A kan jakata an ɗora dutse, babba, gefensa ɗaya baƙi da hayaƙi. Inna Hauwa na tsaye da butar alwala a hannu.

"Na aza miki," ta ce, "kar masu taimako su biyo."

Matan gidan suka kwashe da dariya, har da mai goyo. Ni ma na yi, hawaye na zuba. Ta kama hannuna ta ce in gaida uwata, in ce mata ta haifi ɗiya mai ƙarfi, saura tambaya. Ta sa mini robar lemu hari biyu a jaka, daga cikin waɗanda na tsinto da hannuna.

A kan iyaka na yi ta addu'a kada mu haɗu da dogon jandarman nan, Ubangiji kuwa ya ji ƙaina, ba ranar aikinsa ba ce.

Wannan shi ne yadda Nijar take, tunda kun tambaya. Na roƙi sakataren ikkilisiya ya cire hoto na biyu ya bar na farko, ya ce sai dattawa sun zauna. Kafin su zauna, duk wanda ya bi ta gaban allon nan ya tsaya ya dubi na farkon da kyau. Can gefen hagu, jikin bango, za ku ga ƙunshi biyu. Dutsen yana nan a kai, a fili, ko yaro zai gan shi. Ni ma na gan shi.